Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Matasa A Zangon Kumasi, Da Shirya Ranar Awon Hawan Jini Da Suga

Kafa ƙungiya a unguwannin Aboabo, Asawase, Sawaba ko Akwatia Line ba abu ne mai wuya ba. Samari goma a bes, wato majalisar hirarsu, shayi na kan gawayi, kafin a sha na uku an raɗa suna, an zaɓi shugaba, har an fara gardamar kalar riga. Mai wuyar shi ne ƙungiyar ta ga babbar sallah biyu da ranta. Abu uku ne suka fi kashe ta: kuɗi a wayar mutum ɗaya, burin da ya fi ƙarfin masu shi, da ɗan siyasar da ya saye ta da kanofi da kujeru.

Shawararmu ita ce sabuwar ƙungiya ta riƙe aiki guda, ta iya shi, ta riƙa maimaita shi. A nan mun ɗauki awon hawan jini da ciwon suga, domin kayansa ba su da tsada, kusan kowane gida akwai mai bukatarsa, kuma dole ya haɗa ku da ma'aikatan lafiya da limamai da sarakuna, waɗanda su ne za ku bukata a duk aikin da zai biyo baya.

Mutane tukuna, takarda daga baya

Ku fara da mutum 7 zuwa 10. A cikinsu a samu mata aƙalla uku, don yawancin waɗanda za su zo awo iyaye mata ne, kuma da yawansu ba za su zage hannun riga a gaban saurayi ba. A samu wanda ya karanci aikin lafiya, ko da ɗalibin nas ne, da wanda ya iya rubuta shiga da fitar kuɗi. Kada kwamitin ya zama na ƙabila ɗaya. Zango na Hausawa ne da Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Wangara da Fulani da Busanga da sauransu, kuma in aka ga kanku ɗaya ne, sauran za su ce ta 'yan gidan wane ce, su ja jiki.

Ku rubuta tsarin mulki gajere, shafi biyu ko uku. Ya faɗi manufa, wanda zai iya shiga, kuɗin wata, wa'adin shugabanni, masu sa hannu a banki, yadda ake sauke wanda ya ci amana, da inda kaya za su tafi in ƙungiya ta watse. Wa'adin shekara biyu ya isa. A tsarin ƙasa, matashi shi ne ɗan shekara 15 zuwa 35, to ku sa wannan iyaka ga masu riƙe muƙami, manya kuma su zama iyayen ƙungiya masu ba da shawara.

Sai gaisuwa. Wannan mataki ne da 'yan boko ke rainawa, kuma shi ke tsinke musu aiki. Kada ku aika wasiƙa kafin ku je da ƙafa. Ku nemi dattijo ya yi muku jagora, ku riƙe goro, ku fara da sarkin unguwa ko na ƙabilar da filin yake a hannunta, sannan limamin masallacin Juma'a, sannan magajiya da sarkin samari, sannan asambuliman, wakilin unguwa a asambuli, wato majalisar ƙaramar hukuma. A gaban sarki dattijon ne zai buɗe magana: "Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne suka zo neman albarka." Ba a roƙon kuɗi a wannan zuwan. In akwai coci kusa da filin, a leƙa a gai da fasto, hawan jini bai san masallaci ko coci ba.

Rajista

Ku yi wata uku zuwa shida kuna aiki kafin ku kashe kuɗi a rajista, lokacin an gane masu zuwa taro da masu zuwa hoto.

Ƙungiyar da ba ta neman riba ana yi mata rajista a ofishin rajistar kamfanoni, ORC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019, mai lamba 992, a matsayin kamfanin lamuni wanda ake ƙara wa sunansa haruffan LBG. Za a fara da binciken suna, don haka ku tafi da uku, ko na farko wani ya riga ku. Ana bukatar daraktoci aƙalla biyu, ɗaya mazaunin Ghana, da sakataren da ya cika sharaɗin doka, da odita mai lasisi wanda zai ba da takardar amincewa. Kowa zai kawo katin Ghana, wanda tun 2021 lambarsa ce lambar harajin mutum, da adireshin GhanaPost GPS na ofishi. Abin da ya fi dawo da takardu baya shi ne sunan da ke fom ya saɓa da na kati, Mohammed a nan, Muhammad a can. A kwafe harafi da harafi.

Takardar ORC kaɗai ba ta isa ba. Akwai lasisin sakatariyar ƙungiyoyin sa kai da ke ƙarƙashin ma'aikatar jinsi, yara da kare marasa galihu, kuma hanyarsa ta ofishin jin daɗin jama'a na asambulin ku take bi. Ga 'yan Aboabo, Asawase da Sawaba, wannan ita ce Asokore Mampong, wadda aka cire daga Kumasi a 2012. Ku kuma sanar da ofishin hukumar matasa ta ƙasa, NYA. Duk shekara akwai rahoton da ake mayar wa ORC da sabunta lasisi, kuma wanda ya manta tara ce ke jiransa. Kowane kuɗi a biya shi a ofis a karɓi rasit, a guji masu tsayawa bakin ƙofa suna cewa za su gaggauta.

Kuɗi

Akawun banki da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, biyu dole kafin sidi ɗaya ya fita. Kada biyun su zama 'yan gida ɗaya. In za a karɓi gudunmawa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, a yi layi da sunan ƙungiya, ba layin ma'aji ba, domin ranar da mahaifiyarsa ta kwanta asibiti zai "ara", kuma daga nan zumunci da ƙungiya duka sun tafi. A karanta lissafi a kowane taron wata, da baki, a gaban kowa, ko da sidi 40 ne ya shigo.

Daga 'yan kasuwa kuwa, kaya sun fi kuɗi sauƙin samu da sauƙin lissafi. Mai kemis ya ba da safar hannu da auduga, mai piya wata ya ba da jaka goma, mai haya ya ba da kanofi.

Sati shida kafin ranar

Ku rubuta wa daraktan lafiya na asambuli, na hukumar lafiya ta Ghana, ku faɗi rana da wuri da irin awon, ku nemi nas-nas da kuma asibitin da za a riƙa tura mutane. Ba tare da wannan ba kada ku huda yatsar kowa. Matasan ƙungiya aikinsu rubutu ne da tsara layi da awon nauyi da rakiya. Huda yatsa da fassara sakamako na ma'aikacin lafiya ne. Nas ɗin unguwarku ta CHPS, shirin kai kiwon lafiya cikin unguwanni, ita ce ƙofar da ta fi kusa, ta san gidaje, ta san wanda za a gani a ofis. Don ƙarin hannu akwai ɗaliban likita na jami'ar KNUST da na makarantar nas da ungozoma, waɗanda ake samu ta ƙungiyar ɗalibai Musulmi, GMSA, amma su yi aiki ƙarƙashin mai lasisi. Tattaro mata kuwa, shugabannin ƙungiyar mata Musulmi, FOMWAG, da malaman makarantun matan aure sun fi kowace fosta.

A zaɓen rana ana yawan tuntuɓe. Lahadi ta aure ce da suna da addu'a a zango. Asabar da safe ta fi, daga ƙarfe 6:30 zuwa 11, kafin rana ta yi zafi, kafin 'yan kasuwa su wuce kasuwar Kejetia. Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba da Oktoba, ruwa na iya sauka kowane lokaci, don haka a nemi wuri mai rufi, ajin makaranta ko barandar masallaci, a guji filin da ke bakin rafin Aboabo. Watan Sha'aban lokaci ne mai kyau, don mai suga ya san matsayinsa ya ga likita kafin azumi. A cikin Ramadan kada a yi: mutane za su yi ta tambayar ko huda yatsa na karya azumi, rabi su koma gida. Masu son haɗawa da ranakun duniya, ta hawan jini 17 ga Mayu ce, ta suga 14 ga Nuwamba.

In za ku tare titi ko ku yi tattaki, dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana biyar kafin ranar.

Sanarwa a yi ta bayan sallar Juma'a sati biyu a jere, da lasifikar unguwa, da rediyo mai shirin Hausa, a faɗa da Hausa da Tonanci, wato Twi. A cikin sanarwar a ce wanda yake son awon suga kada ya karya kumallo, ruwa kawai, ya zo da katin inshorar lafiya da duk maganin da yake sha a cikin kwalinsa. A kuma faɗa ƙarara cewa ba rabon magani ba ne.

Kaya da lissafinsu

Teburin awon jini ɗaya yana ɗaukar kamar mutum 10 a awa in ana yi yadda ya kamata. Tebur uku cikin awa huɗu mutum 120 ke nan. Ku buga kati 120 masu lamba, in sun ƙare sun ƙare, sauran a ba su ranar gaba. Tara mutum 400 a kan na'ura biyu yana kawo cunkoso da faɗa, kuma wanda ya yi awa biyu a tsaye yana masifa, jininsa zai hau ko lafiyarsa ƙalau.

Na'urar awon jini a sayi ta damtse, ba ta wuyan hannu ba, guda huɗu, ɗaya na ajiya, da batir sababbi ninki biyu. Kowace a samu maɗauri iri biyu: matsakaici na damtse mai santimita 22 zuwa 32, da babba na 32 zuwa 42. Wannan ƙaramin abu ne mai babban sakamako. Ƙaramin maɗauri a babban damtse yana nuna lambar da ta fi gaskiya yawa, sai a tsorata Hajiya a banza.

Na'urar suga biyu, da tsinken gwaji kwalba uku masu 50, na kamfani ɗaya da na'urar, a duba ranar lalacewa. Zafi da laima na ɓata tsinken, don haka a rufe kwalba bayan kowane ɗauka, kada a bar ta a rana ko cikin mota. Allurar huda mai amfani sau ɗaya guda 150, safar hannu kwali uku, auduga, sifirit, kwalin zuba allura mai ruwan ɗorawa guda biyu, bokiti mai famfo da sabulu, sikeli, tef na awo, labule ko zane don keɓe wurin mata, da suga ko lemon kwalba saboda wanda sugansa ya faɗi. Kwalin allura asibiti zai koma da shi. Ba ya shiga bola, yara na tona bola.

Ranar awo

A jera wurare yadda mutum zai bi gaba ba ya dawowa baya: rajista, benci na hutawa, awon jini, wanke hannu, awon suga, nauyi, sannan teburin nas mai bayani. Teburin ƙarshe ya yi nesa da layi yadda ba a jin abin da ake faɗa.

Kafin awon jini mutum ya zauna minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba magana. A tambaye shi ko ya ci goro, ya sha ataya ko kofi ko taba cikin rabin awar da ta wuce. In ya yi, ya jira. Dattawa da yawa za su iso da goro a kunci, sai a ce, "Baba, a ɗan dakata da goron har a gama." A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu, a rubuta duka.

Wanda ya kai 140 bisa 90 ko sama, a ba shi takardar zuwa asibiti a sake aunawa. Kada wani a cikinku ya ce masa "kana da hawan jini", awon rana ɗaya ba ya yanke wannan hukunci. Wanda ya kai 180 bisa 120 ba ya komawa gida da takarda: a zaunar da shi, a sake aunawa, in bai sauka ba a raka shi asibiti ranar. In akwai ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, a kira 112 ko 193 nan take, kuma a tanadi mota ko pragya, wato keke mai ƙafa uku, guda da direbanta a tsaye tun safe. Mai ciki da ta kai 140 bisa 90, musamman da ciwon kai ko kumburin fuska ko gani dishi-dishi, ita ma asibiti ranar.

Awon suga, a wanke hannu da sabulu a bari ya bushe. Yatsar da ta taɓa abarba ko mangwaro ko sobolo tana ba da lambar ƙarya. In sifirit aka shafa, a jira ya bushe. A huda gefen yatsa, kada a matse da ƙarfi. A tambaya ko an ci abinci, a rubuta. Wanda ya yi awa takwas bai ci ba ya nuna 7.0 (a ma'aunin mmol/L) ko sama, ko wanda ya ci ya nuna 11.1 ko sama, a tura shi a tabbatar. Mai 6.1 zuwa 6.9 ba tare da ci ba yana bakin gaɓa, shi ne wanda gyaran abinci zai fi yi wa amfani. Ƙasa da 3.9 da rawar jiki ko zufa, a ba shi abu mai zaƙi a sake aunawa bayan minti 15. Mai shan maganin suga da ya zo bai karya ba a sa shi a gaban layi, kuma a samu mai koko da ƙosai kusa don waɗanda suka gama.

Sakamako sirri ne. Zango ƙarami ne, kafin azahar labarin sugan wance ya isa gidan surukanta. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 ma ta shafe ku. Littafin sakamako yana hannun nas da mutum ɗaya na ƙungiya, ba a ɗaukar hoton fuska a tebur, wanda bai kai shekara 18 ba ba a huda shi sai da yardar iyaye. Kada ku ba mai tallar maganin gargajiya ko na ƙarin kuzari tebur a wurin, komai abin da ya biya, don mutane za su ɗauka ku kuka yarda da kayansa.

A ware tebur ɗaya na inshorar lafiya, matasa biyu da waya suna taya mutane sabunta kati ta *929#. Da yawa ba tsoron asibiti ke hana su zuwa ba, katin ne ya mutu.

Bibiya

A nan aikin yake, kuma a nan yawancin ƙungiyoyi ke tsayawa. Duk wanda aka tura asibiti a nemi izininsa a rubuta lambarsa da gidansa. A raba sunayen, kowane ɗan ƙungiya mutum biyar, mata ga mata. A kira bayan kwana uku, a sake bayan sati biyu, wanda bai je ba a je gidansa. Tsoho marar mai rakiya a raka shi, ko asibitin Manhyia ne ko asibitin da daraktan ya ambata. Kada a kwashi kowa zuwa babban asibitin Komfo Anokye, can na waɗanda aka tura ne daga ƙananan asibitoci da masu larurar gaggawa.

Abin da za ku fi fama da shi shi ne barin magani. Mutum zai sha wata ɗaya, ya ji daidai, ya ajiye. A riƙa maimaita masa cewa maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne, ba a dainawa sai da likita. Mai rubutu da addu'a ya ci gaba da abinsa, ba sai kun yi gardama da shi ba, amma ya haɗa da ƙwayar. In liman ne ya faɗi wannan a mumbari ya fi naku tasiri sau goma.

Ku ajiye na'ura ɗaya a wuri sananne, shagon kemis ko ofishin makaranta, ana awo kyauta kowace Asabar ta farko.

Maganar abinci a yi ta da abin da ke cikin kwano. Hukumar lafiya ta duniya ta ce gishirin babba kada ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi da kifi mai gishiri da shito duk suna cikin lissafin. Ba wanda zai bar wake da shinkafa ko tuwon zafi, amma ana iya rage tuwon a ƙara ayoyo da kuka, a rage taliya da gari a kan waken, a ce wa mai koko ko mai burkina ta rage suga. Motsa jiki minti 150 a sati ga babba, wato rabin awa kwana biyar. Tattaki bayan asuba ya wadatar, mata da nasu rukunin.

Abin da matasan ke samu

Kowane taro a juya ayyuka: wanda ya rubuta wasiƙa wannan karon ya riƙe lissafi a na gaba. Wanda ya yi shekara yana aiki a ba shi takardar shaida mai sa hannun shugaba da na jami'in lafiya, tana amfani wajen neman makaranta ko aiki. Bayan awo biyu ko uku sun yi kyau, sannan a ƙara abu na biyu: darasin yamma ga masu shirin BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ko haɗa yara da iyayen gida a Suame Magazine, unguwar makanikai, da shagunan ɗinki da yarjejeniya a rubuce, ko zama a bes kan tramol. A wannan na ƙarshen a kawo mai harhaɗa magunguna ya yi bayani cewa abin da hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta amince da shi miligiram 50 da 100 ne da takardar likita, masu 120 da 225 da 250 ba su da izini. Ba a kiran sunan kowa, ba a gayyatar kyamara.

Shekarar zaɓe za a zo muku da tayi. Ku karɓi taimakon da ba shi da sharaɗi, ku rubuta shi a littafi, ku gode a fili. Amma ba tutar jam'iyya, ba hoton ɗan takara a riga, kuma in an gayyaci na wannan ɓangare a gayyaci na wancan. Asusun raya zango, wanda dokar 2017 ta kafa, da asambuli, ana tunkararsu da wasiƙa mai hatimin ƙungiya.

Cikin sati biyu bayan awo ku rubuta rahoto shafi ɗaya: mutum nawa aka auna, maza nawa mata nawa, nawa aka tura, nawa suka isa asibiti, nawa aka kashe, me ya rage a kwali. Babu sunan kowa a ciki. Kwafi ɗaya ga daraktan lafiya, ɗaya ga ofishin jin daɗin jama'a, ɗaya ga kowane mai gudunmawa, sarki da liman kuwa a kai musu da ƙafa a karanta musu. A ƙasan shafin a rubuta ranar awo na gaba, wata uku ko huɗu daga nan, da adadin kwalaben tsinken da ake nema.